Ranar da Aka Ɗauke Mai Ido

Ruwan da aka kwana ana zubawa bai gama ɗaukewa ba lokacin da ihu ya tashi a layin masu tsire na unguwar New Bell, a birnin Duwala. Masu dawowa daga sallar asuba ne suka fara ganin abin. Shagon wasannin Rilwanu a buɗe, kwaɗo na reto da makullinsa a jiki, tsoho Idirisu mai gadi kuma yashe a bakin kwata, jini na tsiyaya daga ƙeyarsa yana bin ruwa. A kansa wani saurayi ne durƙushe, Saminu, baƙon nan daga Najeriya mai sayar da takalma, gaban rigarsa duk ya rine.

Wani ya leƙa cikin shagon ya fito da hannu a ka.

"An ɗauke Mai Ido!"

Duk unguwar an san Mai Ido. Sabuwar na'urar wasa ce da Rilwanu ya sayo daga waje bayan an sallame shi daga ofishin da yake aiki a unguwar Bali. Tana da ido mai gane fuskar duk wanda ya tsaya gabanta, da kunnen da ba ya barci. Kullum kuma sai ta gaisa da kamfanin da ya ƙera ta ta intanet, in ba haka ba ta kulle kanta. Samari sun mutu a kanta, dattawa kuwa cewa suke an kawo musu ɗan leƙen asiri har cikin unguwa.

"Ai jiya ya rantse sai ya fasa ta!" in ji wata murya daga baya. "A kan kunnena!"

Shi ke nan. Kafin a ɗauki Idirisu zuwa asibiti har an rufe Saminu da duka, wasu sun tafi neman taya da fetur. Ba don Allah ya kawo mai unguwa, Alhaji Hayatu, ya shiga tsakani da sandarsa ya ja yaron zuwa zaurensa ya kulle ba, da ranar an yi abin da ba ya gyaruwa.

*

Ɗan'azumi yana kurɓar shayi a ƙofar ɗakinsa sai ga autarsa Firdausi ta faɗo gidan ba takalmi, da tsohon ciki, tana haki.

"Baba, za su kashe shi! Wallahi ba shi ba ne, fita ya yi zai je kasuwa!"

Bai tambaye ta wa take nufi ba. Shi da kansa ya ba Saminu aurenta, duk da surutun dangi cewa ba a san asalin baƙo ba.

A dazukan Tibati Ɗan'azumi ya tashi, yana bin sawun shanun sata tare da mahaifinsa. Shanu ne suka kawo shi Duwala, ya zauna. A nan ba ƙasar da ke riƙe sawu, sai kwalta da taɓo, amma idonsa bai manta aikinsa ba. In an sace babur, ko buhun kaya ya yi ƙafa a kasuwa, shi ake nema. Abin da aka san shi da shi ɗaya ne: bai taɓa cewa ya ga abin da bai gani ba.

Ya sami zauren mai unguwa kewaye da mutane. 'Ya'yan Idirisu na gaba, idanunsu jajur.

"Surukinka ne, na sani," in ji Alhaji Hayatu bayan ya ja shi gefe. "Da ƙyar na roƙe su su ba ni zuwa la'asar. Ana idar da salla zan miƙa shi komisariya wurin 'yan sanda, in ba haka ba su ƙone min gida. Kuma ka san takardar zamansa ta ƙare. In Idirisu ya cika, ɗan da ke cikin nan zai yi wayo bai san fuskar ubansa ba."

"Ranka ya daɗe, a bar ni in gan shi."

Saminu na zaune a ƙasa, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Da ya ga surukinsa ya yunƙura zai durƙusa, ƙafa ta ƙi.

"Zauna. Me ya haɗa ka da Rilwanu jiya?"

"Baba, fakewa na yi daga ruwa. Ina shiga na ga fuskata a talabijin, an zagaye ta da layi, abin yana tambaya wane ne wannan. Gabana ya faɗi. Na ce ya goge, ya yi dariya, wai ba abin da za a iya yi. Shi ne zuciya ta ɗebe ni na ce zan fasa ta. Baki ne kawai."

"Da asuba fa?"

"A kwance na same shi. Na ɗaga kansa don kada ruwa ya shiga hancinsa."

"Ka ga wani?"

"Ko kare ban gani ba."

Ɗan'azumi ya fito. Firdausi ta zauna a jiƙaƙƙen dakalin ƙofar, ta ce ba inda za ta motsa.

*

A ƙofar shagon ƙafafun 'yan kallo sun riga sun tattake komai, abin da ya rage ruwa ya wanke. A ciki kuwa ga babbar talabijin a bango ba a taɓa ta ba, ga hannayen wasan biyu a kan tebur, ga ma igiyar wutar na'urar a jone. Mai Ido kaɗai aka zare.

Rilwanu ya dawo daga asibiti, yana kai da kawowa yana zuba Faransanci.

"C'est pas possible! Kawu, rayuwata ke nan aka ɗauke."

"Yaya Idirisu?"

"Bai farfaɗo ba."

"An ce tana gaisawa da masu ita kullum. Ba za su gaya maka inda take ba?"

"Sai an jona ta. Kuma tun jiya da rana rezo ya ɗauke, intanet ɗin duk layin nan ya mutu, ba ta samu ta gaisa da su ba. Wasannin jiya duk suna cikinta. Wayata ma ta mutu tun safe, ban samu zama na yi caji ba."

"Wasannin jiya kamar yaya?"

"Duk wanda ya ci wasa tana ɗaukar hotonsa mai motsi, da sunansa. Da rezo ya dawo sai ta tura shafin shago da kanta. Talla ce."

"Kana tambayar masu fuskar?"

Rilwanu ya watsa hannu. "Kawu, wa ke tambaya a zamanin nan?"

Bayan wani labule Ɗan'azumi ya ga tsohuwar ƙofar kwano. Ya tura, ba ta motsa ba.

"Tsakar gidan mai gida take fita," in ji Rilwanu. "Tun da na kama haya ba a taɓa buɗe ta ba. Sakatar ma ta can ciki take, tsatsa ta cinye ta."

Mai gidan ita ce Inna Tsohuwa, wadda ta yi shekaru tana tuyar ƙosai a bakin layin. Ɗan'azumi ya zagaya ya yi sallama. Ya same ta tana gyaran wake, can kusa da rijiya kuma 'yarta Hapsatu na wanki, ta ba shi baya, ta matse wata ƙaramar yarinya tsakanin gwiwoyinta. Watannin baya Hapsatu ta zo daga Yawunde, kuma tun zuwanta ba wanda ya gan ta a ƙofar gida.

"Inna, ba ku ji motsi ba?"

"Da wannan ruwa a kan kwano? Ko harbi aka yi ba mai ji." Ta ci gaba da tsintar wake ba ta ɗago ba. "Amma da na leƙa da sassafe na ga Ɓoɓɓo yana ɗaure kwali a bayan babur. Ban ce komai ba fa. Abin da na gani na faɗa."

Ɓoɓɓo Bafulatanin Garwa ne mai tsohon shagon wasanni a layin baya. Tun zuwan Mai Ido ko ƙuda ba ya shiga wurinsa.

Ɗan'azumi bai tsaya ƙarin tambaya ba. Ya fita da sauri har ya manta bai yi sallama ba.

*

Shagon Ɓoɓɓo a rufe yake. Masu babur na haya, waɗanda ake ce wa bensikin, suka yi ta miƙa Ɗan'azumi daga baki zuwa baki, har aka samu wanda ya ɗauki mutumin: Ndogbong ya kai shi, wurin masu sayen tsofaffin kayan lantarki. Hanya ta cushe saboda ambaliya. Yana bayan babur yana duban rana tana hawa ta cikin gajimare, kamar ana zare masa jijiya.

A mahaɗar Ndogbong ya sami Ɓoɓɓo tsugune gaban wata rumfa, kwalin na tsakanin ƙafafunsa. Bai gaishe shi ba, ya kama wuyan rigarsa.

"Buɗe!"

"Subhanalla, Malam Ɗan'azumi, lafiya?"

"Na ce buɗe!"

Ɓoɓɓo ya kwance igiya. Tsofaffin na'urori ne guda uku, duk sun goge, ɗaya ma an ɗaure ta da roba.

"Shago na rufe," in ji shi a hankali. "Gida zan koma. Da asuba na fito don kada a gan ni a yi min dariya."

Hannun Ɗan'azumi ya saki. Ya nemi gafara, ya ba shi labari.

Ɓoɓɓo ya girgiza kai. "Ni in saci wannan? Tambayi duk masu rumfunan nan, ko kyauta aka kawo ta ba mai karɓa. Ranar da ka jona ta, ranar za ta gaya wa kamfani inda take, ta kuma nemi fuskar Rilwanu. Wane ɓarawo ne zai bar talabijin ya ɗauki wadda za ta kai ƙararsa? Kuma ka ce an bar igiyar wutarta. Malam, wanda ya ɗauke ta ba so yake ta yi aiki ba. So yake ta yi shiru."

Maganar ta sauka a kan Ɗan'azumi kamar dutse. Ya zo neman abin da zai wanke surukinsa, ya samo abin da zai ƙara ɗaure shi. A duk New Bell mutum ɗaya aka ji yana cewa yana son na'urar ta yi shiru.

"Zo mu koma tare," ya ce. "Ka faɗi wannan gaban mai unguwa. Ko da a kaina zai faɗo."

*

Azahar ta wuce kafin su iso. Ɗan'azumi ya hango Firdausi a inda ya bar ta, an ajiye mata kwanon abinci ba ta buɗe ba. Bai iya haɗa ido da ita ba, ya ratse ya shiga shagon Rilwanu.

Ba kowa a ciki. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Karon farko ke nan da ya tambayi kansa ko dai yaron ne. Shin ya ɗauki 'yarsa ya ba mutumin da zai fasa kan tsoho saboda takarda? Ya sunkuyar da kai, bakinsa na motsi ba abin da ke fita sai sunan Allah.

A nan ya ga kiyashi.

Layi suka yi siriri, daga tsagar siminti suka bi gindin bango suka shige ƙarƙashin labule. Shagon da ba a cin abinci, me suke nema? Ya bi su da rarrafe, ya ɗaga labulen. Sun hau jikin tsohuwar ƙofar, sun yi cincirindo a kan hinjinta na sama da na ƙasa. Ya shafa da yatsa, ya duba, ya kai hanci.

Manja ne, sabo, ko ƙura bai kama ba.

Ƙofar da tsatsa ta ci ihu take yi in an buɗe ta. Wani ya shafa mata manja don ta yi shiru, kuma sakatarta ta cikin gida take. Ashe ba daga titi aka shigo ba. Idirisu da kansa ya buɗe kwaɗon gaba, don ya ji motsi a ciki.

Inna Tsohuwa ba ta nan da ya sake shiga gidan. Hapsatu ce kaɗai a bakin rijiya, yarinyar na barci a tabarma. Ya ɗaga mata yatsansa mai ja. Ta dube shi, gugan ya suɓuce daga hannunta.

"Mai Ido tana cikin rijiyar nan, ko?"

Ta durƙushe.

"Kawu, wallahi ban yi nufin taɓa shi ba. Ya haska ni da tocila, na ture shi in wuce, santsi ya kwashe shi ta baya. Na ji ƙarar kansa. Na so in tsaya, sai na ji tafiyar mutum."

"Me ta yi miki, na'urar?"

Ta naɗe hannun rigarta. Daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa tabo ne na dutsen guga, shatarsa a fili, ba ɗaya ba, ba biyu ba.

"Uban 'yata Kausar ne, Jalaluddeen. Ranar da ya ɗaga shi a kan yarinyar na gudo. Yana da kuɗi, yana da mutane, ya rantse sai ya ɗauke ta ko da gawata ce za ta rage. Bai san Inna a nan take ba, don tun kafin aurenmu na ɓoye masa cewa uwata mai ƙosai ce. Jiya na juya baya Kausar ta sulale ta shiga shagon. Suka sa ta wasan rawa, ta ci, suka rubuta sunanta. Na aika Inna ta roƙi Rilwanu, ya ce ba ya iya taɓa komai sai rezo ya dawo, kuma da ya dawo abin ya tafi. Ƙannen mutumin nan kullum suna kan waɗannan wasanni. Kawu, me zan yi? In zauna in jira gari ya waye?"

"Akwai wanda za a kai gidan yari saboda ke. Matarsa na can zaune a kan dakali, haihuwa yau ko gobe."

"Na sani. Tun safe nake jin muryarta." Ta share fuska. "In na fita na faɗa, sunana zai shiga takardar komisariya. Kafin a kai ni kotu ya zo ya ɗauke ta."

Ladan ya ɗaga murya. Ɗan'azumi ya juya zai fita, sai ya ga Inna Tsohuwa tsaye a bakin zaure da ƙullin barkono a hannu. Bai san tun yaushe take nan ba.

*

Bayan sallar la'asar zauren mai unguwa ya cika har waje. Aka zaunar da Saminu a tsakiya, Ɓoɓɓo a gefensa, Rilwanu na jingine da bango kusa da inda ya jona wayarsa. 'Ya'yan Idirisu sun tare ƙofa. Inna Tsohuwa ta shigo daga baya ta zauna wajen mata.

"To, Ɗan'azumi," in ji Alhaji Hayatu. "Lokaci ya yi."

Ya miƙe. Ya fara da Ɓoɓɓo, ya wanke shi, ya sa shi ya maimaita abin da ya faɗa a Ndogbong. Aka yi guna-guni, idanu suka koma kan Saminu.

"Ka gani!" in ji babban ɗan Idirisu. "Da bakinsa ya ɗaure surukinsa!"

"Ban gama ba. Wanda ya ɗauki na'urar bai bi ta titi ba." Ya ba su labarin kiyashi da manja da sakatar da ke ciki. "Duk mai shakka ya je ya shafa. Saminu bai taɓa taka cikin gidan nan ba, kuma ba ya ratsa bango."

Mutane suka fara kallon juna.

"To wane ne?" in ji mai unguwa.

Ɗan'azumi ya buɗe baki. Ya dubi Firdausi da ta leƙo ta taga, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu. Ya tuna shatar dutsen guga.

"Ni ce."

Inna Tsohuwa ce ta miƙe, tana dafa bango.

"Ni na shafa manja, ni na zare sakata. Shekara da shekaru ina zaune da mutuncina, a wayi gari an kafa min ido a jikin bango yana kallon iyalina? Na roƙi yaron nan, ya yi min dariya. Idirisu ya haska ni, na ture shi, ya faɗi. Tana cikin rijiyata, ku sa a ciro. Alhakin baƙon nan kuwa, da na Ɓoɓɓo da na jefa a baki, Allah ya yafe min."

Hayaniya ta ɓarke. Alhaji Hayatu ya buga sanda har aka yi shiru, sannan ya juyo.

"Ɗan'azumi, ba ka taɓa gaya mana abin da ba ka gani ba. Haka ne?"

Tsohuwar ta kafe shi da ido. Ba roƙo a cikin kallon, umarni ne.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "daga gidanta sawun ya fito, gidanta ya koma. Iyakar abin da ƙasa ta nuna min ke nan."

Aka saki Saminu. 'Ya'yan Idirisu suka tsaya sororo, don ba wanda ya san yadda ake ɗaga hannu a kan matar da ta ciyar da shi ƙosai yana yaro. Mai unguwa da kansa ya sa ta a motarsa zuwa komisariya. Da za ta shiga ta gyara mayafi, ba ta ko waiwayi layin gidanta ba.

*

Mutane na watsewa Rilwanu ya kamo hannun Ɗan'azumi, ya tura masa wayar gaban ido.

"Kawu, duba. Ashe rezo ya dawo kafin asuba. Ta riga ta gaisa da su, ta tura komai kafin a zare ta."

A fuskar wayar ga Kausar tana tsalle tana dariya, ga sunanta, ga sunan shago da layinsa a ƙasa. Ƙarƙashin hoton wani ya yi rubutu da Faransanci.

"Me ya ce?"

"Wai, mun gode da kuka nemo mana 'yarmu, muna hanya. Tun hantsi aka rubuta. Wane ne wannan?"

"Goge shi."

"Na goge yanzu, amma ai an riga an…"

Ɗan'azumi bai tsaya jin sauran ba. Daga Yawunde zuwa nan tafiyar wuni ba ta kai ba. Ya shiga gidan Inna da gudu irin wanda ya manta rabonsa da yi, ya nufi Hapsatu.

"Ɗauki yarinyar. Bar kaya."

"Inna fa?"

"Inna ta yi nata. Kada ki sa ya tashi a banza."

Bai bi da su ta bakin layi ba, bai kuma nufi tashar mota ba, don can za a fara dubawa. Ta tsohuwar ƙofar nan suka ratsa, suka bi lungunan da ke tsakanin gidaje, inda sai an karkata kafaɗa, suka tsallake kwata a kan katako, suka fita ta bayan kasuwa. Ya ɗora su a babur biyu da ba na unguwar ba, suka haye gadar Wuri zuwa Bonaberi, inda manyan motocin shanu ke juyawa arewa bayan sun sauke. Ya samu Haruna, direban da suka taso tare a Tibati, yana shirin tashi.

"Ka kai su wurin yayata a Tibati. Ba ka gan su ba, ba ka gan ni ba."

Haruna ya dubi matar, ya dubi yarinyar, ya buɗe musu ƙofa. Hapsatu ta so ta yi magana, Ɗan'azumi ya ɗaga mata hannu.

"Wayarki."

Ta miƙa masa. Da ya zo tsakiyar gada a hanyar dawowa ya sake ta cikin kogi.

Ana kiran magariba ya iso New Bell. Firdausi ta tare shi a ƙofar gida da labari: Idirisu ya buɗe ido, ya ce haske kawai ya tuna da santsi, amma gefensa ɗaya ba ya motsi. Inna Tsohuwa kuwa an ce za ta kwana a can, kuma ba a san ranar fitowarta ba. Saminu na ciki ana gasa masa fuska.

Bai kai ga cire takalmi ba wata farar mota mai lambar Yawunde ta tsaya a bakin layin. Mutum biyu suka fito, na gaba da shadda mai tsada da murmushi mai sanyi. Wani mai tsire ya nuna musu gidan da yatsa.

"Salamu alaikum. Kai ne Malam Ɗan'azumi? An ce a garin nan ba abin da ke ɓace maka. Iyalina nake nema, mace da yarinya. Mun je gidan da aka kwatanta mana, ba kowa."

Ɗan'azumi ya dube shi, ya dubi hannayensa masu laushi. In ya ce a'a, za su bi masu babur ɗaya bayan ɗaya, kuma kafin gari ya waye wani zai tuna gada. Motar shanu ba ta sauri. Tana bukatar daren nan gaba ɗaya. Hanyar da ta fi nisa da gadar kuwa ita ce ta PK 14, can ɗaya gefen gari.

"Baba…" in ji Firdausi a bayansa.

"Shiga ciki ki kula da mijinki."

Ya gyara hularsa, ya taka zuwa motar, ya buɗe ƙofar gaba ya zauna.

"Na gan su da idona," ya ce. "Ku juya. Hanyar PK 14 suka bi."